Raba aya da tsakuwa: yadda ake tantance labaran masu tserar da bayi a Amurka

Duk wanda ya shiga karatun tarihin bayin da suka gudu daga kudancin Amurka zuwa jihohin arewa da Kanada kafin yaƙin basasar 1861 zuwa 1865, zai ci karo da suna guda, Underground Railroad, wato layin dogo na ƙarƙashin ƙasa. Babu dogo, babu jirgi, ba a kuma bi ta ƙarƙashin ƙasa ba. Zaurance ne na zamanin da jirgin ƙasa yake sabon abu: mai ja-gora kwandasta, gidan ɓuya tasha, wanda ya gudo fasinja ko kaya. Sunan ya bazu a jaridu a farkon shekarun 1840.

Aikin ya faru da gaske, an ɗaure mutane a kansa, wasu sun mutu a kurkuku. Amma bayan an soke bauta a 1865, abin da jiya laifi ne ya koma abin alfahari, kowane gari ya so a ce da shi aka yi. Daga nan ƙari ya shigo. Ga yadda malami ko ɗalibi ko marubuci zai bi ya gane wane labari ne ke da tushe.

Fara da riƙe ma'auni

Kafin ka auna kowane labari, sa waɗannan a ka. Ƙidayar 1860 ta nuna bayi kusan miliyan huɗu a Amurka. Ƙidayar 1850 ta rubuta bayi 1,011 da suka tsere a shekara guda ba a kamo su ba, ta 1860 kuma 803. Iyayengiji ne suka ba da lissafin, saboda haka ana ganin ya gaza gaskiya, amma ko ka ninka shi, abin da zai nuna maka shi ne tsira ta kaɗan ce ƙwarai. Yawancin waɗanda suka kai ga arewa samari ne, kuma daga jihohin kan iyaka suka fito, irin su Maryland, Virginia, Kentucky da Missouri. Bawan da ke noman auduga a tsakiyar Alabama ko Mississippi yana da ɗaruruwan mil na ƙasar bauta a gabansa. Idan labari ya ce dubbai suna kwarara daga can ta shiryayyiyar hanya, tsaya tukuna.

Ba arewa kaɗai ake nufa ba. Na Texas sukan haye zuwa Meziko, wadda ta soke bauta a 1829. Tun kafin nan akwai masu shiga Florida lokacin tana hannun Sifaniya, inda aka kafa garin 'yantattu na Fort Mose a 1738. Wasu kuma fadama suka shige suka zauna shekaru, kamar Great Dismal Swamp da ke tsakanin Virginia da North Carolina.

Sai doka. Akwai dokar kamo bawa ta 1793, amma wadda ta sauya komai ita ce ta Satumba 1850. A ƙarƙashinta wanda ya taimaki gudajje zai iya biyan tarar dala 1,000 da ɗaurin wata shida. Wanda aka kama ba shi da ikon ba da shaida a kan kansa. Jami'in da ke yanke hukunci dala 10 yake karɓa idan ya mayar da mutum bauta, dala 5 idan ya sake shi. Wannan doka ce ta sa da yawa suka daina tsayawa a jihohin arewa suka zarce Kanada, ita ce kuma ta sa wasu mataimaka, irin su Robert Purvis na Filadelfiya, suka lalata takardunsu. Rashin takarda ke nan bai isa ya ƙaryata labari ba, amma kuma ba ya zama hujjar gaskata shi. Masu son ƙari sukan fake da cewa ai aikin sirri ne, shi ya sa babu shaida. Da wannan dabara babu abin da ba za a iya tabbatarwa ba.

Nemi isnadi

Ka yi wa labarin tambayar da malaman hadisi ke yi wa ruwaya: wa ya faɗa, daga wa ya ji, yaushe aka fara rubuta shi? Bi shi baya, littafi bayan littafi, har ka isa inda ya fara bayyana, ka rubuta shekarar. Sannan ka ƙirga tazarar da ke tsakaninta da 1865.

Labarin barguna shi ne babban misali. Ana cewa mata bayi suna ɗinka barguna na harhaɗaɗɗun ƙyallaye, kowane zane da saƙonsa, a shanya a kan shinge, mai shirin gudu ya karanta: wannan zane na cewa haɗa kaya, wancan na cewa bi sawun dabba ta tsaunuka. Labarin ya shiga littattafan yara da darussan makaranta. Idan ka bi shi baya, zai tsaya a wani littafi na 1999, wanda ya dogara ga bayanin mace guda mai sayar da barguna a kasuwar Charleston, ita kuma ta ce gadon danginsu ne. Shekara 134 ke nan bayan soke bauta, ta bakin mutum ɗaya. Tsakanin 1936 da 1938 gwamnatin Amurka ta tura ma'aikata suka yi hira da tsofaffin bayi fiye da 2,300, an yi zancen ɗinki da barguna, babu wanda ya ambaci wannan zaurance. Babu shi kuma a littattafan da gudajjun suka rubuta da kansu. Masana tarihin ɗinki sun ƙara da cewa wasu daga zanukan da aka lissafa ba su yaɗu ba sai lokacin yaƙin ko bayansa, ɗaya ma sai shekarun 1920. Ka kuma gwada shi da hankali: wanda zai iya koya maka ma'anar zane goma a asirce, ai zai iya raɗa maka hanyar kai tsaye.

Waƙa ta fi wannan sarƙaƙiya, don haka kada ka yi mata hukunci guda. Akwai sananniyar waƙar nan da ke cewa a bi ludayin shan ruwa, wato taurari bakwai masu siffar ludayi da ke nuna tauraruwar arewa. Ana cewa baitocinta taswira ce, daga kogin Tombigbee zuwa kogin Tennessee zuwa kogin Ohio, kuma wani matuƙin jirgin ruwa mai ƙafar katako ne ke koyar da ita. An fara buga ta a 1928, kuma ba a samu takardar da ta nuna mai ƙafar katakon ya taɓa rayuwa ba. Lafazin da aka fi rerawa yau ma gyaran mawaƙan shekarun 1940 ne. To amma bin tauraruwa gaskiya ne, gudajju da yawa sun faɗe shi da bakinsu, kuma kana iya gwadawa da daddare: ja layi daga taurari biyun da ke bakin ludayin, ka miƙa shi kamar ninki biyar na tazarar da ke tsakaninsu, za ka faɗa kan tauraruwar arewa. Haka kuma Harriet Tubman, wadda ta tsere daga bauta ta kuma riƙa komawa tana fito da wasu, ta gaya wa mai rubuta tarihinta cewa takan rera waƙoƙin coci, har da ta Annabi Musa da Fir'auna, don sanar da waɗanda ta ɓoye ko su fito ko su ci gaba da laɓewa. Waƙa a matsayin ishara tana da shaida. Waƙa a matsayin taswira ba ta da ita.

Takardun da za ka nema, da inda kowacce ke ruɗi

Mafi daraja su ne waɗanda aka rubuta a lokacin. William Still, baƙar fata ɗan 'yantattu, shi ke karɓar masu isowa a kwamitin taimakon gudajju na Filadelfiya a shekarun 1850. Yakan rubuta sunan mutum, shekarunsa, ubangijinsa, garinsu, yadda ya fito da dangin da ya bari. Abin da ya ƙara masa himma shi ne a 1850 wani mutum ya zo ofishinsa neman iyayensa, hira ta yi hira, ya gano yayansa ne Peter da aka bari a bauta tun yana yaro. Da abin ya yi zafi ya ɓoye takardun a wata makabarta, ya buga su littafi a 1872. A birnin Niyok, Sydney Howard Gay ya ajiye irin wannan rajista ta mutum fiye da 200 a 1855 da 1856, har da kuɗin da aka kashe, tana jami'ar Columbia yanzu. Idan suna guda ya fito a Still ya kuma fito a Gay bayan kwana ɗaya ko biyu, ka samu shaidu biyu da ba su haɗa baki ba. Iyakarsu ita ce gabar gabas kawai suka gani, kuma sai wanda ya biyo ta ofis.

Na biyu, cigiyar da iyayengiji ke bugawa a jarida. Tana ba da ranar gudu, kamanni, tabo, tufafi, sana'a, da inda ake zaton mutum ya nufa. Jami'ar Cornell na cikin masu tara dubban irinsu a rumbun intanet mai suna Freedom on the Move. Cigiya tana tabbatar da an gudu, ba ta nuna an tsira.

Na uku, takardun kotu da na kurkuku, waɗanda su ne hujja mafi ƙarfi a kan mataimaki, domin maƙiyinsa ne ya rubuta. Jonathan Walker, an yi masa lalas da wuta a tafin hannu a Pensacola a 1844, haruffa biyu masu nufin ɓarawon bayi. Charles Torrey ya mutu a kurkukun Maryland a 1846. Thomas Garrett na Wilmington, kotu ta ci shi tara mai nauyi a 1848. Calvin Fairbank ya yi fiye da shekara 17 a kurkukun Kentucky a ɗauri biyu. A Afrilun 1848 mutum 77 suka shiga jirgin ruwa mai suna Pearl daga Washington, iska ta ƙi ba su haɗin kai, aka cim musu, shari'ar matuƙan tana rubuce. Aibin wannan tushe a fili yake: wanda aka kama kawai yake nunawa.

Rajistar bayi ta ƙidayar 1850 da 1860 takan ba sabon mai bincike haushi. Sunan ubangiji ne a ciki, bawa kuwa sai shekaru da jinsi da launi. Amfaninta gwada abin da ka riga ka samu a wani wuri.

Sai abin da aka rubuta daga baya, a nan ne ake yawan zamewa. Wilbur Siebert na jami'ar jihar Ohio ya aika wasiƙu ga tsofaffi da 'ya'yansu a shekarun 1890, ya buga littafi a 1898 da sunayen mataimaka kimanin 3,200 da taswira mai layuka kamar ta jirgin ƙasa. Taska ce, amma ka san abin da ke hannunka: tunanin shekara arba'in ko hamsin, sau da yawa daga ɗa mai yabon mahaifinsa, kuma mafi yawan masu amsawa fararen fata ne. Taswirar ta sa abin ya yi kama da kamfani mai tsari, alhali ƙungiyoyi ne a warwatse, kowa ya san na gaba da shi ɗaya ko biyu. Masanin tarihi Larry Gara ne a 1961 ya nuna yadda wannan hoto ya danne gaskiya biyu: kashi mafi hatsari na tafiyar, wato cikin ƙasar bauta, gudajjen shi kaɗai yakan yi shi ko da taimakon 'yan'uwansa bayi, kuma ƙofar da ya fi fara ƙwanƙwasawa a arewa ta baƙaƙe 'yantattu ce. Duk labarin da ka ga bawa a cikinsa kamar buhu ne ana miƙa shi daga hannu zuwa hannu, ba suna ba dabara, to daga baya aka tsara shi. Dubi na gaske: Frederick Douglass ya hau jirgin ƙasa daga Baltimore ranar 3 ga Satumba 1838 da shigar matuƙin jirgin ruwa da takardar aro, sai da ya isa Niyok David Ruggles ya sauke shi. Ellen Craft ta yi shigar farin attajiri mara lafiya a Disambar 1848, mijinta William a matsayin baransa, ta rataye hannun dama don kada a ce ta sa hannu a rajista, tunda ba ta iya rubutu ba. Henry Brown ya sa aka rufe shi a akwati a Richmond a Maris 1849, ya yi kimanin awa 27 kafin a buɗe shi a Filadelfiya.

Hattara da lamba mai zagaye

Harriet Tubman ba ta bukatar ƙari, amma an yi mata. An daɗe ana cewa ta koma kudu sau 19 ta fito da mutum 300, kuma an sa dala 40,000 a kanta. Lambobi biyun farko sun fito ne daga littafin tarihinta na 1869 da aka rubuta cikin gaggawa don tara mata kuɗi. Da aka bi tafiyoyin ɗaya bayan ɗaya da rajistar Still da wasiƙun Garrett, abin da ya fito shi ne tafiya kimanin 13 da mutum kimanin 70, yawanci danginta da abokanta na gabashin Maryland, ban da wasu da ta kwatanta wa hanya suka fito da kansu. Ladan da aka gani a rubuce na cigiyar Oktoba 1849 ne, ita da 'yan'uwanta maza biyu, dala 100 kowanne idan an kama su a wajen jihar, 50 a ciki. Don ka ga girman ƙarin, dala 50,000 gwamnati ta sa a kan wanda ya kashe Shugaba Lincoln. Da an taɓa sa 40,000 a kan mace guda, da jaridun ƙasar duka sun ɗauka. Mutum fiye da 700 da aka 'yanta a harin kogin Combahee na Yunin 1863, wanda ta yi wa sojojin arewa ja-gora, gaskiya ne, amma aikin soja ne a lokacin yaƙi, kada ka zuba shi cikin wancan lissafi.

Abin da ke nuna ruwaya ta gaske shi ne ƙananan dalilai. Ta fi tafiya da hunturu saboda dare ya fi tsawo mutane kuma suna cikin ɗaki. Takan tashi daren Asabar saboda Lahadi ba a aiki, cigiya kuma ba za ta fito a jarida ba sai Litinin.

Idan an nuna maka gida mai rami

A Ohio da Indiana da Pennsylvania da wuya ka rasa tsohon gidan da za a ce maka tasha ne, ga ramin da ke bi har bakin kogi. Fara da shekarar gini, daga takardun mallakar fili da na haraji a ofishin gunduma. Gidan da aka gina bayan 1865 ya fita. Ginin kansa yana magana: ƙusa mai zagayayyen jiki ta waya ba ta yaɗu ba sai wajen 1890, kafin nan ƙusa mai kusurwa huɗu ake amfani da ita. Sannan ka nemo wanda ke zaune a gidan a lokacin, ƙidayar 1850 ta fara rubuta sunan kowane mai 'yanci da ke gida. Duba cocinsa, ko yana karɓar jaridar masu adawa da bauta, ko ya sa hannu a takardar koke, ko an taɓa kai shi ƙara. Zama ɗan ɗariƙar Kwaka, Kiristocin da aka sani da ƙin bauta, bai isa hujja ba, da yawansu ba su taɓa sauke kowa ba.

Ramin kuwa, galibi tankin ruwan sama ne, za ka gane shi da shafen ciki da bakin bututu, ko ɗakin ajiye dankali, ko ma'ajin ƙanƙara ko na gawayin kwal, ko kuma maɓoyar barasa ta shekarun haramci, 1920 zuwa 1933. Haƙa rami mai tsawo aiki ne na mutane da yawa da tulin ƙasar da maƙwabta za su gani, don baƙon da zai kwana ɗaya ko biyu a kai shi gida na gaba, mil 10 zuwa 20, a keken doki. Maɓoyar da shaidu suka ambata su ne rumbu, bargar dawaki, tarin ciyawa, gonar masara da saman silin. Gidan 1839 na wani mataimaki, Levi Coffin, a Fountain City ta Indiana yana da ƙaramar ƙofa a bene da ake tura gado a rufe ta. Wata baiwa, Harriet Jacobs, ta yi kusan shekara bakwai a ɓoye a ƙarƙashin rufin gidan kakarta a Edenton, wurin da tsayinsa bai wuce ƙafa uku ba. A wasu garuruwan ma ba a ɓoye komai, Jermain Loguen na Syracuse a jarida yake buga adireshinsa.

Gwaji a kan wani na kusa da gida

Mahommah Gardo Baquaqua ɗan Zugu ne, wato Djougou ta arewacin Benin, zangon fataken goro a hanyar Gwanja, kuma ya ce mahaifiyarsa Bakatsiniya ce. An kai shi Birazil a matsayin bawa a tsakiyar shekarun 1840, aka sayar da shi ga wani kyaftin. A 1847 jirginsu Lembrança ya kai kofi Niyok, masu adawa da bauta suka kai maganar kotu, alƙali ya ɗauke shi a matsayin ma'aikacin jirgi da za a mayar wa kyaftin. Ana cikin ja-in-ja, a watan Agusta, shi da abokinsa suka ɓace daga gidan wakafi da daddare, aka wuce da shi Boston, daga nan Haiti. Daga baya ya yi karatu a McGrawville ta jihar Niyok, ya zauna a Chatham ta Kanada, aka buga tarihinsa a Detroit a 1854.

Tarihin ya fito shekara bakwai kacal bayan abin, amma da hannun wani edita Bature a ciki, don haka sai ka raba inda editan ke magana da inda mai labarin ke cewa "ni". Jaridun Niyok na 1847 sun ba da rahoton shari'ar da guduwar, wasiƙun 'yan mishan na Haiti sun ɗora daga nan. Tarkon da ke ciki suna ne: a jaridun ba za ka ga Baquaqua ba, José da Costa za ka gani, sunan da ya samo daga ubangijinsa. Katsina kuma Kashna aka rubuta ta, Zugu Zoogoo. Haka Tubman take Minty a cigiyarta, Douglass kuma Bailey ne a Maryland. Kafin ka ce mutum ba ya cikin takarda, jera duk sunayen da ya taɓa amsawa da duk yadda baƙon kunne zai iya rubuta su, ka nemi kowanne.

Idan ka zo rubutawa

Ka ba kowane zance matsayinsa a fili. Wanda ke da takardar lokacin, ka ce ya faru, ka faɗi takardar. Wanda mai abin ko ɗansa ya faɗa daga baya, kuma wuri da lokaci da halin mutumin suka dace, ka ce wane ya ruwaito a shekara kaza. Wanda bai bayyana ba sai bayan duk shaidun sun mutu, ka kira shi almara, ka rubuta shekarar da ya fara fitowa da wanda ya fito da shi, domin ita ma tarihi ce ta zamanin da aka ƙirƙire ta. Hukumar kula da wuraren tarihi ta Amurka tana da shirin Network to Freedom tun dokar 1998, ba ta sa wuri a jerinta sai an kawo hujjojin da aka tantance. Idan gidan da kake bincike yana ciki, nemi takardar da aka cike wajen shigar da shi, a nan za ka ga ainihin abin da aka dogara da shi, ka gwada da abin da ke rubuce a allon ƙofar gidan.